Yadda Za Ka Karɓi Katin Nutso Ba Tare Da Ka Yarda An Koya Maka Komai Ba

Kai da ka ɗauki wannan takarda, ka gode wa Allah, ka faɗo hannun masani. Shekara goma sha tara ke nan ina ɗura iska a tukwane a makarantar nutso da ke bakin ruwan Taganga, kuma ta bangon katako na ji kowane darasi ya fi sau dubu. Gaskiya ne teku bai taɓa wuce mini gwiwa ba, amma wannan bai shafe ka ba. Alkawarina shi ne, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka fito da katin shaidar nutso a aljihu, girmanka bai zube ba, kuma babu mahaluƙin da zai ji ka ce "ban sani ba." An gwada hanyar a kan mutum ɗaya, ta kuwa yi aiki ɗari bisa ɗari.

Mutumin shi ne Don Casildo. Kompadre muke kiran juna, don ni na riƙe 'yarsa Nereida a coci ranar baftismarta. Shekara arba'in da uku yana nutso da iskar ƙirjinsa kaɗai, ba tukunya ba mesa, yana kwaso dodon koɗi da manyan jatan lande daga ƙasan ruwa. Garin nan kaf Minti Huɗu ake kiransa, saboda tsawon lokacin da yake yi a ƙasa bai numfasa ba.

Bana ƙungiyar masunta ta samu aikin dashen murjani a tekun bayan tsauni, ana neman mutum ɗaya da ya san ƙasan wurin. Ba wanda ya san shi kamar Casildo. Matsalar ita ce aikin na zaman rabin awa ne a ƙasa da tukunya a baya, ba kati ba aiki, kuma ranar Litinin za a rufe ɗaukar suna. In bai samu ba, abin da ya rage masa sai gindin babbar bishiyar bakin ruwa, inda tsofaffin masunta ke buga domino daga safe har rana ta faɗi. Shugabansu, Don Fulgencio, tuni ya ajiye masa farar kujerar roba, yana kakkaɓe ta da hula duk lokacin da ya hango shi. Casildo bai taɓa tsoron komai a cikin teku ba, amma kujerar nan tana hana shi cin abinci.

1. Ka nuna wucewa kawai kake yi

Kada ka kuskura ka shiga makarantar kai tsaye kamar ɗalibi. Ka wuce ƙofar sau biyu. A na uku ka tsaya ka tambayi ƙarfe nawa, ko da agogo na hannunka.

Haka Casildo ya yi ranar Talata. Ya leƙo da kofin gahawarsa, ya ga Nereida a gaban allo, domin ita ce malamar, ga kuma ɗalibi ɗaya tak, wani likitan haƙori da ya zo hutu daga Bogotá, fatarsa ba ta taɓa gaisawa da rana ba.

"Baba, ga benci," in ji Nereida.

"Wa ya ce miki zama na zo yi? Inuwa nake nema."

"To inuwar tana da takarda, sa hannu a nan."

Ya sa hannu yana kallon rufi. Ka lura da kyau, wanda ya sa hannu bai kalli takarda ba, a shari'ar zuciyarsa bai yi rajista ba.

2. Ka raina kayan aiki, ka raina malama

Duk abin da aka miƙo maka, ka juya shi ka yi tsaki. Casildo shekara da shekaru yana kiran masu tukunya "masu goyo." Da aka ɗaura masa tasa ya ce ko uwar Nereida ba ta yi goyo mai nauyin wannan ba. Takalman roba masu faɗi ya ce na agwagwa ne. Abu ɗaya kawai ya yaba, wato tofa yawu a gilashin fuska don kada ya yi hazo, shi ma don ya ce shi ya ƙirƙiro shi.

In malamar 'yarka ce, aiki ya zo maka da sauƙi. Kowane minti goma ka tuna wa aji cewa kai ka koya mata iyo.

"Likita, ka ga wannan mai allon? Tana shekara shida take bin jirage har ta wuce inda aka ɗaure su. Sai na tsaya a baki na ƙwala mata kira."

Kiran nan duk wanda ya girma a garin ya san shi. Casildo yakan kama ƙarshen sunan ya ja shi, Nereidaaaa, har mai suyar kifi ta juya kifinta bai sauke ba, karnukan unguwar sama suna amsa masa. Tun ranar da ta dawo gida da tukunya a baya, shekara goma sha ɗaya ke nan, bai ƙara yin sa ba. Fushi ya yi, ya koma ce mata "ke."

"Baba, shafi na tara muke," in ji ta.

3. Ka yi gardama da balan-balan

Nan ne ilimin yake, don haka nan za ka fi tsayawa da ƙafarka.

Nereida ta rubuta doka ta farko da manyan baƙaƙe: KADA KA TAƁA RIƘE NUMFASHI. Ka dai san sunan mutumin da aka rubuta wa wannan. Casildo ya ajiye kofinsa a hankali.

"Maimaita, ban ji ba."

"Baba, ka san in aka kai mita goma, ruwa yana danne iska ta koma rabi."

"Ƙirjina ya faɗa mini haka tun ba a haife ki ba."

"Yawwa. Kai daga sama kake ɗaukar iskarka. Ta matse a ƙasa, in ka taso ta koma yadda take, ba ta ƙaru ba. Shi ya sa ka kai yau lafiya. Amma ta tukunya a ƙasa kake shaƙarta, huhunka ya cika taf a can. In ka riƙe ta ka taso, ninkuwa za ta yi. Ina za ta shiga?"

"Ƙirjina da faɗi."

Likita ya ɗaga hannu zai yi tambaya, Casildo ya dube shi, ya mayar da hannun ya sosa kunne.

Washegari da suka shiga ruwa, Nereida ta sauka mita goma da jan balan-balan, ta cika shi da iskar tukunya, ta ƙulle bakin, ta sake shi. Su Casildo suna kallo daga sama ta gilashi. Balan-balan ya taso yana ƙiba, yana ƙiba, bai kai sama ba ya tarwatse. Ta taso a hankali ta miƙa wa babanta guntun jar robar.

In an yi maka haka, kada ka nuna abin ya taɓa ka. Ka ce abin da Casildo ya ce: "Na bikin yara ne, ba shi da ƙwari." Sai dai da suka dawo na gan shi ya cusa guntun a aljihun wando, bai yar ba.

4. Ka yi yaren hannu irin naka

A ƙarƙashin ruwa ba a magana, sai da yatsu. In lafiya kake, ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. In ka ɗaga babban yatsa sama, ma'anarsa a tashi, nutso ya ƙare, kuma ba a musu.

Kai ba ruwanka da wannan. Duk duniya ta san babban yatsa "madalla" yake nufi.

Da Casildo ya fara jan iska a ƙasan ruwa, ya ga minti biyar ta wuce ƙirjinsa bai yi zafi ba, daɗi ya kama shi har ya manta yana fushi. Ya ɗaga babban yatsa. Aji ya tashi sama gaba ɗaya.

"Don Casildo, lafiya?" in ji likita yana haki.

"Lafiya lau, ai abin da na ce ke nan."

Aka koma. Wani shuɗin kifi ya zo ya tsaya daidai hancinsa yana kallonsa, abin da bai taɓa samun lokacin gani ba a shekara arba'in da uku, don kullum cikin sauri yake. Ya ɗaga yatsa. Aka tashi. A karo na uku Nereida ta kama yatsan ta lanƙwasa masa shi da kanta.

"Ni ba zan yi zoben nan ba," ya ce a cikin jirgi. "Na taɓa ganin wani ɗan Brazil ya mari mutum saboda shi."

"Kifi ba 'yan Brazil ba ne, Baba."

5. Kada ka karɓi lemo daga hannun malama

Wannan gajere ne, amma zai ceci rigarka. In ta miƙo maka kwalbar lemo tana murmushi, ta girgiza ta a ɓoye. Casildo ya ɓalle murfin gaba ɗaya, ya jiƙe har gira.

"Jininka ke nan in ka daɗe a ƙasa ka taso da gudu," in ji ta. "Iskar da ta narke a ciki kumfa za ta yi. A hankali ake buɗewa, a hankali ake tasowa. Kada ka riga ƙananan kumfanka isa sama."

Amsar da ta dace ita ce: "An yi asarar lemo."

6. In aka ce ka ce "aaa," ka ce kai ba akuya ba ne

Akwai gwaji guda da ba a ba da kati sai an ci shi. Ana ɗauka iskarka ta ƙare a mita shida, abokin nutsonka ya yi nisa. Sai ka ɗaga hannu ɗaya, ka taso a hankali, bakin mesa na bakinka, kana cewa "aaa" ba yankewa har ka fito. Sautin ne ke barin maƙogwaro a buɗe, iskar da ke kumbura ta samu hanyar fita. Kafin a kai ka wuri mai zurfi, a kwance ake gwadawa a ruwan da bai wuce ƙirji ba.

Likita ya yi nasa tsaf. Ba mamaki, shi da ya ƙare rayuwarsa yana sa mutane su ce haka.

Casildo ya ce shi ba akuya ba ne. Da aka matsa masa ya shiga, ya fara, kumfa ya fito ɗis-ɗis, sai ya ɗauke. Ya ƙarasa tsawon igiyar da aka shimfiɗa don gwajin, bakinsa gum, ya miƙe yana jiran tafi. Sau huɗu ranar Alhamis, sau huɗu haka.

Nereida ta cire gilashinta. Ban taɓa ganin fuskar 'yar nan haka ba.

"Ba ka ci ba, Baba."

"Na kai ƙarshen igiya ko ban kai ba?"

"Ka kai. Da a tsaye ne daga ƙasa, da yanzu muna neman motar asibiti."

"Ke, ni za ki kayar? A ruwan da na koya miki?"

"Ni zan kayar da kai. Gara na riƙa wucewa ina ganinka a kujerar Don Fulgencio kana harara ta har ƙarshen rayuwarka, da na ciro ka da jini a baki. Asabar ce ta ƙarshe. In ban ji sauti ba, ba zan sa hannu ba."

Daga gindin bishiya Fulgencio ya ɗaga murya: "Minti Huɗu! An ce yau ka yi minti sifili! Zo, na sa mata matashi!"

A irin wannan hali, masana sun yi ittifaƙi ka tafi gida ta bayan kasuwa.

7. Ka yi gwaji a ɓoye, ka ce wanke fuska kake

Ranar Juma'a da hantsi ina cikin ɗakin injin ɗura iska, Casildo ya shigo da bokiti. Ya zaɓi wurin ne don ƙarar injin tana rufe komai.

"Kompadre, fuska zan wanke. Riƙe mini agogo."

"Wankin fuska da agogo?"

"Evaristo, riƙe agogo ka yi mini shiru."

Ya tsoma kai. Kumfa ya taso na daƙiƙa biyar ya tsaya. Ya sake. Daƙiƙa shida. Ya sake har gashinsa ya gaji. Ashe ba taurin kai ba ne kaɗai. Da ruwa ya rufe masa fuska sai maƙogwaron ya kulle kansa, yadda ya saba tun yana ɗan shekara goma sha takwas, ba ya neman izinin mai shi.

Ya zauna a kan wata tukunya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ciro guntun jar robar nan yana murzawa.

"Ka san rabona da minti huɗu?"

"Bara?"

"Shekara tara. Yanzu ɗaya da rabi, shi ma sai na ga taurari. Nesa nake kai jirgi don kada a ƙirga mini." Ya sake murza robar. "Ran nan da kifin nan ya tsaya yana kallona, kompadre, na ji kamar an mayar mini da gidana. In suka zaunar da ni a kujerar nan, ba zan kai Kirsimeti ba."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Na ce masa ya gwada waƙa. Ya gwada taken ƙasa a cikin bokiti, ya shaƙi ruwa ta hanci, muka kusa faɗa. Wannan matakin bai gyara komai ba, amma na sa shi don lissafi ya cika.

8. Ranar gwaji, ka yi abin da ka ga dama

Asabar da safe na shiga jirgin, karo na farko a rayuwata, na ƙanƙame benci da hannu biyu. Abin da ya faru a ƙasa daga bakin su biyun na tattara shi, kowa da nasa ƙarin gishirin.

A mita shida Casildo ya durƙusa a kan yashi kusa da igiya. Nereida na gabansa, hannu ɗaya a igiya, ɗaya damƙe da ɗamarar ƙirjinsa. Ta yi masa zobe da yatsu. Ya harare ta, ya yi mata zoben. Ya ja iska, ya ɗaga hannu, ya fara tasowa.

"Aaa" ɗinsa bai yi taku biyu ba ya ji maƙogwaro na rufewa. Ya san yanzu za ta tsayar da shi, ta girgiza kai, shi ke nan. Ya dube ta ta gilashi. Idanunta a buɗe war, ba na malama ba. Tsoro ne a ciki tsagwaronsa, kuma ya gane shi, don irinsa ne ya sha kama shi a bakin ruwa, lokacin da ɗan kanta ke ƙanƙancewa a bayan jirage. Bai yi shawara da kowa ba. Abin da bakinsa ya saba yi in wannan tsoron ya zo, shi ya yi.

Da roba a baki sunan bai fito daidai ba, wani "Ee-ee-aaaa" ne ya fito. Amma karin muryar na nan yadda yake, ya kama ƙarshen ya ja. Kumfa ya yi ta tafasa. Ya ce abin mamaki, yana fitar da iska tana ƙaruwa, kamar wani na ɗura masa daga ciki, ashe balan-balan ɗin bikin yara gaskiya ya faɗa. Mu da ke jirgi muka ga ruwa na ɓulɓula, sai ga hannu, sai ga kai, ya tofar da mesa bai ko yanke ba:

"...aaaaa!"

Wallahi karnukan unguwar sama suka amsa.

Ya hura rigarsa mai ɗaukar iska da baki don ta riƙe shi a sama, yadda doka ta ce, ya kwanta a kan ruwa yana haki. Nereida ta fito kusa da shi. Ta ɗaga gilashi tana share ido da bayan hannu, ta ce gishiri ne ya shiga.

"Ga ni, Baba," in ji ta. "Ban yi nisa ba."

"Na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci."

"To me kike wa kuka? Shiga jirgi, Nereida, kin daɗe a ruwa."

9. Bayan ka ci, ka musanta komai

Wannan shi ne matakin da ke tsare mutunci. Ranar Litinin Casildo ya kai sunansa ƙungiya, ya biyo ta gindin bishiya da katin a aljihun gaba, rabinsa a waje don kada a ce yana nunawa.

"An ce 'yarka ta koya maka numfashi," in ji Fulgencio.

"Wa? Ni na je duba musu kayan aiki. Kiranta kawai na yi, na ga ta yi zurfi."

Yanzu kullum da safe yana goya tukunyarsa ya tafi gonar murjani, kuma duk sabon ɗalibin da ya gani sai ya tare shi ya ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi, doka ce da shi ya kawo ta garin nan.

Sanarwa

Ni Evaristo, mai ɗura iska, ba ni da hannu a duk abin da zai same ka in ka bi wannan takarda. Kunnenka, huhunka, rigarka da lemonka, duk suna wuyanka. In kana son ranka, ka je makaranta ta gaskiya, ka zauna a benci, ka saurari mai allo ko da kai ka haife ta. Na kuma gano daga baya cewa hanyar tana da sharaɗi: sai kana da wanda ka taɓa kira har muryarka ta dishe, kuma sunan ya ƙare da "a." Likitan haƙori ya gwada don sha'awa, sunan matarsa Inés, ya sha ruwan da ya ishe shi har Bogotá. Masu ƙorafi su same ni a ɗakin inji, amma su zo da wuri, don tun ranar Litinin ɗin nan in na wuce gindin bishiya, ni Fulgencio ke kallo yana kakkaɓe kujera.